Muryar da ake so ta ɓace: nazarin matsalar mai rera baritan a waƙar mutum huɗu ta Amurka

A Amurka akwai wani tsohon salon waƙa wanda mutum huɗu ke rerawa da baka zalla, ba ganga ba fiyano, kuma ana danganta shi da shagunan aski domin a nan ne maza kan taru su rera shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 19. Su huɗun kalmomi ɗaya suke furtawa a lokaci ɗaya, amma kowa da hanyar da muryarsa ke bi, kuma hanyoyin suna kusa da juna ƙwarai, har sau da yawa muryoyi ukun da ke sama ba sa wuce zango ɗaya, wato daga do zuwa do na sama. Masu wannan salo sun daɗe da yarda cewa a cikin gurabe huɗun nan, gurbin da ake kira baritan ya fi kowanne wuyar koyo da wuyar riƙewa, kuma ya fi kowanne wuyar ji, ga mai sauraro da ma shi kansa mai rerawar. Wannan nazari ya tsaya a kan gurbin nan shi kaɗai, saboda a cikinsa ne kusan duk wahalhalun haɗa muryoyi kusa da kusa suka taru.

Wanda ya tashi da waƙar da muka saba ji, ta fada ko ta dandali, zai fi gane lamarin idan ya tuna yadda amshi yake. Makaɗi ya bayar, 'yan amshi su karɓa, kuma ko su nawa ne galibi kari ɗaya suke bi, ta yadda idan ɗaya ya ɗan kauce sai muryoyin 'yan uwansa su jawo shi ya dawo hanya. A waƙar mutum huɗu wannan jan shi ne haɗarin, domin duk wanda ya bari muryar na kusa da shi ta ja shi, to ya bar gurbinsa babu kowa. 'Yan kwaya na majami'un Jos da Kaduna da sauran wurare, waɗanda ke rera waƙoƙin Hausa da murya huɗu, sun san wannan jan sarai, musamman masu muryoyin tsakiya. Sai dai su karin waƙarsu yana can sama a bakin masu murya ta ɗaya, kuma sau da yawa akwai fiyano da ke riƙe da su. Mai baritan na Amurka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sauƙi biyu.

Yadda aka raba aikin

Sautukan da suka tashi tare a kan gaɓa ɗaya, waɗanda za mu riƙa kira dami, kusan kullum huɗu ne a wannan salo. Jagora shi ke ɗauke da karin waƙar da kowa ya sani, amma ba shi ne a sama ba. Sama da shi akwai tena, mai siririyar murya marar nauyi, irin wadda namiji kan haura da ita can saman muryarsa ta magana. A ƙasa akwai bas, wanda galibi ke riƙe da tushen damin, wato sautin da aka gina damin a kansa, ko matakinsa na biyar, wato sauti na biyar idan aka ƙirga sama daga tushen a jerin do, re, mi. Idan mai tsara waƙa ya bai wa jagora kari, ya ɗora bas a kan tushe, ya zaɓa wa tena sautin da zai yi daɗi a sama, to abin da ya rage don damin ya cika shi ne rabon baritan. Saboda haka hanyarsa ba ta kama da waƙa. Yakan zauna a kan sauti ɗaya gaɓoɓi da yawa, sannan ya sauka rabin mataki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautukan fiyano, sannan ya yi tsalle ya haye saman jagora, kafin a ankara ya sake komawa ƙarƙashinsa. Idan ya tsaya shi kaɗai yana bita a gida, mutanen gidan za su ɗauka bai iya waƙar ba. Abokan rerawarsa ma ba su bar shi ba, don tsokanar da aka fi yi a tsakaninsu ita ce cewa baritan mai cin ragowa ne.

Ba sautin kaɗai ake nema ya dace ba, har da nauyinsa. Muryar baritan da ta jagora a fage ɗaya suke yawo, saboda haka duk lokacin da ya hau saman jagora dole ya sassauta ya yi laushi kamar tena, in ba haka ba mai sauraro zai ɗauka shi ne karin waƙar; idan kuma ya koma ƙasa sai ya cika muryarsa don ya toshe ratar da ke tsakanin jagora da bas. Bayan wannan, koyarwar salon ta ce tushen dami da matakinsa na biyar su fi fitowa, mataki na uku da na bakwai kuma a rage musu ƙarfi. Tunda baritan na iya faɗawa kan kowanne daga cikin huɗun a cikin baiti guda, yana bukatar ya san a kan kowace gaɓa inda yake game da jagora, da matsayin sautinsa a cikin damin, da gwargwadon ƙarfin da ya kamace shi. Sauran ukun ba safai suke fuskantar waɗannan tambayoyi gaba ɗaya ba.

Daga kunne zuwa takarda

A farkon al'amarin babu takarda. Binciken da Lynn Abbott ya wallafa a 1992 ya nuna cewa salon ya yi tushe ne a tsakanin baƙar fatar Amurka, musamman a kudancin ƙasar. Marubuci James Weldon Johnson ya ba da labari a 1925 cewa a garinsu Jacksonville ta jihar Florida, lokacin ƙuruciyarsa, kamar kowane shagon aski yana da nasa mawaƙa huɗu, kuma Louis Armstrong ma ya yi irin wannan rerawa a titunan New Orleans yana yaro. Mutum ɗaya kan ɗauko waƙar da aka sani, sauran su shiga laluben sautukansu da kunne, idan suka faɗa kan damin da ya yi musu daɗi su tsaya a kansa su ja shi, su koma baya su sake. A irin wannan zama, mai baritan shi ne wanda kunnensa ya fi kaifi, domin aikinsa shi ne ya saurari mutum uku ya gano abin da babu.

Ranar 11 ga Afrilu, 1938, wani lauya mai suna Owen C. Cash da abokinsa Rupert Hall suka tara maza 26 a garin Tulsa na jihar Oklahoma don farfaɗo da salon, kuma daga wannan taro ne ƙungiyar da a yau ake kira Barbershop Harmony Society ta samo asali. An yi gasar farko a 1939, mata kuma suka kafa tasu ƙungiyar, Sweet Adelines, a 1945 a garin na Tulsa. Abin takaici, ƙungiyar mazan ta rufe ƙofarta ga mutanen da salon ya fito daga cikinsu: a 1941 ta hana Grand Central Red Caps, baƙar fata 'yan dakon tashar jirgin ƙasa ta New York, shiga gasar ƙasa bayan sun yi nasara a birninsu, kuma ba a ɗage wannan shinge ba sai 1963. Abin da ya shafi nazarinmu a nan shi ne cewa gasa ta kawo dokoki da alƙalai da rubutaccen tsari. Masu tsarawa suka riƙa cusa damman da suka fi abin da kunne zai lalubo nan take sarƙaƙiya, har an yi lokacin da dokokin gasa suka nemi kusan sulusin waƙa ya kasance a kan dami mai mataki na bakwai. Hanyar baritan ta tashi daga abin da mutum ke ganowa ta koma abin da ake ba shi ya hardace, alhali da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ba su iya karanta rubutun kiɗa ba.

Abin da kunne ke yi da muryoyi makusanta

Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, kuma a cikinsa akwai tantanin da kowane yanki nasa ke amsa wa sauti mai wani adadin kaɗawa. Georg von Békésy ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda bayanin yadda wannan ke aiki. Matsalar ita ce yankunan ba su da iyaka tsaf. Ga sautukan da ke ƙasa da kaɗawa 500 a sakan, duk biyun da ratarsu ba ta kai kusan 100 ba suna taɓa yanki ɗaya, sai su cakuɗe, kuma a nan ne muryoyin maza ke yin kusan dukkan aikinsu. Idan bas yana kan kaɗawa 165 baritan yana kan 198, ratarsu 33 ce kacal, wato kunne ba ya samun su a matsayin abu biyu rarrabe kamar yadda zai sami muryar mace da ta namiji. Ƙari a kan haka, sauti na ƙasa mai ƙarfi ya fi iya danne na samansa fiye da yadda na sama ke danne na ƙasa, kuma bas shi ne aka umarta ya fi kowa cika wuri.

Ƙwaƙwalwa ma tana da nata halin. Albert Bregman na Jami'ar McGill da ke Kanada, a aikin da ya fitar a 1990, ya bayyana cewa idan sautuka suka fara tare, suka tsaya tare, suka yi kama a launi, wato yanayin amon murya, kuma kaɗawarsu ta dace da juna, ƙwaƙwalwa takan ɗauka daga baki ɗaya suka fito. Duk abin da mai horar da mawaƙan nan ke nema shi ne wannan: a buɗe gaɓa tare, a rufe ta tare, a daidaita siffar baki a kan kowane wasali, a daina rawar murya. Wato salon da gangan yake share duk alamun da kunne ke dogara da su wajen rarrabe mutum da mutum. Akwai kuma wani abu da ya shafi baritan kai tsaye. Idan muryoyi biyu masu launi ɗaya suka gitta juna, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kunne ya fi son ya ji kamar sun haɗu ne kowacce ta koma inda ta fito. Wannan shi ne ainihin wurin da sabon mai baritan ke zamewa. Yana hawa daidai, ya iso inda zai tsallake jagora, sai kunnensa ya miƙa masa hanyar jagoran a matsayin tasa, bayan gaɓa biyu ka ji mutum biyu suna rera kari ɗaya, damin ya koma mai ƙafa uku, kuma sau da yawa shi bai ma san ya sauya hanya ba.

Gwajin da David Huron ya yi a 1989 ya ƙara fito da iyakar kunne fili. Ya sa masu ilimin kiɗa su ƙirga muryoyin da ke tafiya tare a kiɗa mai launi ɗaya, sai ya ga suna ƙoƙari har zuwa uku, amma da zarar sun kai huɗu kuskure yakan yi yawa, galibi su ƙirga ƙasa da adadin gaskiya, kuma shigowar muryar tsakiya ita ce suka fi jinkirin lura da ita. Binciken Laurel Trainor da abokan aikinta a Jami'ar McMaster kuma ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta fi kama muryar da ke sama a cikin biyu, har a jarirai. Idan aka haɗa waɗannan, ba abin mamaki ba ne mutum ya yi shekaru yana sauraron wannan waƙa bai taɓa tsinto baritan a cikinta ba.

Sauti ɗaya a takarda, wuri biyu a maƙogwaro

Nan ne lamarin ya fi zurfi, kuma sai an ɗan yi haƙuri da lissafi. Duk sautin da murya ta fitar yana tafe da 'ya'yansa, wato ƙananan sautuka masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu da sauransu. Idan bas ya rera sauti mai kaɗawa 110, a cikinsa akwai 220 da 330 da 440 da 550 da 660 da 770. Burin mawaƙan shi ne kowa ya ajiye sautinsa inda 'ya'yansa za su faɗa daidai kan na 'yan uwansa. Jagora a kan 275 yana da ɗa a 550, tena a kan 330 ya dace da ɗa na uku na bas, baritan a kan 192.5 kuma yana da ɗa na huɗu a 770, daidai da na bakwai na bas. Idan haka ta samu, 'ya'yan da suka haɗu sukan ƙarfafa juna har a ji wani siririn sauti yana shawagi a sama wanda babu wanda ke rera shi. Su mawaƙan suna kiransa murya ta biyar, wasu su ce muryar mala'ika, kuma idan ya fito sukan ce damin ya kulle. Saboda wannan lokacin ne mutane ke ɓata shekaru a wannan sha'ani.

Fiyano ba ya ba da waɗannan wurare. An raba zangonsa gida 12 daidai wa daida don a iya kiɗa a kowane mataki, saboda haka sautin da jagora ke bukata a 275 yana kan 277 a fiyano, na baritan kuma da ake so a 192.5 yana kan 196. Idan aka raba rabin mataki gida 100, mataki na uku na gaskiya yana ƙasa da na fiyano da kusan 14, na bakwai kuma da kusan 31. Idan baritan ya rera 196 ɗin da ya koya a fiyano, ɗansa na huɗu zai faɗa kan 784 maimakon 770, sai sautukan biyu su riƙa dukan juna sau 14 a kowane sakan. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin janareta biyu da gudunsu ya kusa zama ɗaya ya san wannan kaɗawa, inda ƙarar ke kumbura tana sacewa. Hermann von Helmholtz ya bayyana tun 1863 cewa irin wannan duka, idan ya yi sauri, shi ne kunne ke ji a matsayin kaushi.

Ga kuma inda aka fi kama mai baritan. A ce dami biyu sun biyo juna, jerin da ya zama ruwan dare a waƙoƙi. A na farko bas yana 165, baritan 198, jagora 247.5, tena 330. A na biyu bas ya sauka 110, jagora ya hau 275, tena ya zauna inda yake. A takarda, baritan ma an rubuta masa ya zauna a kan sautinsa, alama ɗaya ce aka ja ta haye gaɓa biyu. Amma a damin farko sautin nan mataki na uku ne a kan bas kuma wurinsa 198, a na biyu ya zama na bakwai kuma wurinsa 192.5. Dole ya zame ƙasa da kusan rabin rabin mataki a daidai lokacin da idonsa da ƙwaƙwalwarsa ke gaya masa kada ya motsa. Idan ya ƙi motsawa, ɗansa zai kasance a 792 yana dukan 770 sau 22 a sakan, wanda kaushi ne sosai. Babu wata alama a rubutun kiɗa na yau da kullum da ke nuna wannan zamewa. A aikace ƙwararru sukan raba bambancin, kowa ya ɗan sassauta, kuma ba kullum suke kai mataki na bakwai can ƙasan da lissafi ya nuna ba, amma alhakin yawancin gyaran yana wuyan muryoyin da ba sa ɗauke da kari. Jagora ba zai riƙa lanƙwasa waƙarsa ba, domin shi ne ma'aunin da ke hana ƙungiyar duka sulalewa ƙasa sannu a hankali, abin da kan faru idan kowa ya yi ta gyara don ya dace da wanda shi ma ya riga ya gyara.

Mutumin da ba ya jin kansa

Mai waƙa yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, kuma ta ƙashi ta fi ɗauko sautukan ƙasa, shi ya sa mutum kan ƙi muryarsa idan ya ji ta a rikoda. Sten Ternström, mai binciken sautin ƙungiyoyin mawaƙa a Stockholm, ya auna yadda mawaƙa ke son ƙarfin muryarsu ya kasance game da na sauran, ya ga cewa galibi suna son tasu ta ɗara da kusan desibel 6 a kunnensu (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai. Idan ratar ta yi ƙasa da abin da mutum ke bukata sai ya fara kuskuren sauti, ko kuma ya ɗaga murya ba da saninsa ba, halin da likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a 1911 game da masu magana cikin hayaniya. Mai baritan kuwa an ce masa ya rage murya, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da bas, ga jagora a fagen sauti ɗaya da shi.

A ganina a nan ne zuciyar matsalar take, kuma ba rashin kunne ba ce kamar yadda ake yawan zargi. Lokacin da baritan ya dace da wurinsa ɗari bisa ɗari, 'ya'yan sautinsa suna kwanciya kan na sauran, dukan ya tsaya, muryarsa ta narke cikin damin, sai ya daina jin kansa a matsayin mutum dabam. Ga wanda bai saba ba, wannan yanayi tsoro yake ba shi, don ji yake kamar muryarsa ta ɗauke ko ya ɓata. Abin da jikinsa zai yi shi ne ya ƙara ƙarfi ko ya ɗan ɗaga sautin, nan take dukan ya dawo, ya sake jin kansa, hankalinsa ya kwanta, damin kuma ya buɗe. Wato alamar da yake ɗauka ta samun hanya ita ce alamar kaucewa, wadda yake ɗauka ta ɓata kuma ita ce ta dacewa. Mai horarwa da ke tsaye a gabansu yana jin duk wannan a fili, amma faɗa da baki ba ya gyara shi da wuri, domin abin da ake nema shi ne mutum ya sauya abin da jikinsa ya yarda da shi a matsayin daidai.

Hanyoyin da aka bi

Wasu dabarun sun tsufa. Kafin a fara, ɗaya daga cikinsu kan busa wani ɗan abin busa mai kamar faifai don a sami tushe, su huɗun su gina dami a kansa su saurara. A fagen wasa galibi jagora da bas ke tsakiya, tena a gefen jagora, baritan a gefen bas, su ɗan karkato su fuskanci juna don kowa ya ga bakin kowa. A wurin bita ana rera waƙar bibbiyu, jagora da bas, sannan jagora da baritan, sannan bas da baritan, kuma wannan na ƙarshen yana da amfani na musamman tunda a kan bas ne ake auna yawancin gyaran da muka lissafa. Akan kuma sa mutum uku su riƙe dami, baritan ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, har ya koyi jin bambancin damin da shi da kuma babu shi. Wannan atisaye yana juya hankalinsa daga neman muryarsa zuwa sauraron abin da muryar ke yi wa sauran.

Dabarar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce rikodin koyo, wanda ya faro da kaset ya dawo waya. Ana ɗaukar waƙar da muryoyi huɗu, a fito da ta baritan sama da sauran ko a ware ta a kunne ɗaya, mutum ya yi ta saurare a mota har ta zauna. Ba a musun amfaninsa, don ya bai wa dubban mutanen da ba sa karanta rubutun kiɗa damar shiga. Amma ina ganin ya magance rabin matsalar ne ya ɓoye ɗaya rabin. Wanda ya koya ta wannan hanya yakan riƙe hanyarsa a matsayin wata waƙa ta biyu, yana auna kowane sauti da wanda ya gabace shi a bakinsa, alhali aikinsa shi ne ya auna shi da waɗanda ke tashi tare da shi a bakin wasu. Yakan iya rera layinsa daga farko zuwa ƙarshe ba kuskure, har ma ya toshe kunnensa daga jagora don kada a ja shi, kuma damin ba zai kulle ba ko sau ɗaya. Rikodin ya saba masa da jin muryarsa a sama da kowa, yanayin da ba zai taɓa samu ba a tsakiyar mutum uku.

Abin da ya fi kusa da tsohuwar makarantar shi ne al'adar rera wutsiyar waƙa. Bayan an tashi daga bita ko gasa, mutane kan tsaya a lungu ko a matakalar bene, inda bango ke dawo da sauti, wani ya koya wa uku 'yan gaɓoɓin ƙarshe na wata waƙa baki da baki. Gajeru ne, ana jan kowane dami a tsaya a kansa, kuma ana maimaitawa har ya kulle, saboda haka mai baritan yana samun lokacin da waƙa mai gudu ba ta ba shi, ya zame sama ko ƙasa kaɗan kaɗan har ya ji dukan ya lafa. A nan ne da yawa ke fara sanin cewa ɓacewar muryarsu ba asara ba ce.

Wasu kuma sun ƙi barin laluben kunne ya mutu. Tun shekarun 1970 akwai wata ƙaramar ƙungiya a cikin masu salon, wadda ake taƙaita sunanta da AHSOW, da ke ware ɗaki a manyan taruka inda ba a shiga da takarda, kuma ba a karɓar mutum sai ya nuna zai iya samo gurbinsa da kunne a waƙar da ba a tsara masa ba. A irin wannan ɗaki jagora kan ɗauko waƙa mai sauƙin kari ya tafi da ita a hankali. Bas yana da tushe da zai nema, tena yana da sararin sama da ba mai takara da shi, baritan kuwa ba zai san inda zai sauka ba sai ya ji inda su biyun suka sauka, kuma dole ya isa wurin kafin gaɓar ta wuce. Idan tena ya ɗauki sautin da ya yi niyya, sai ya bar masa ya nemi wani a cikin numfashin nan, sau da yawa ta hanyar tsallake jagora zuwa ɗaya ɓangaren.